In wani abu ya bugi ido, ga abin yi

Jama'a a nan garin Garwa na Kamaru abin da ya fi ɓata ido ba wuƙa ba ne, bugu ne: dutsen danƙon yara masu harbin tsuntsu, ƙwallo, naushi, bulala, itace ya fantsamo wajen faskare, ko faɗuwa daga kalando, wato babur ɗin haya. Ido bai fashe ba sai a ce ai ba komai, alhali ɓarnar tana ciki.

Farko dai kar a murza, kar a danna. Don Allah iya a bar ɗiga nono da kwalli da ruwan sukari. A yanko gindin kofin roba mai tsabta a kifa kan idon a manne da filasta, ya zauna kan ƙashi kar ya taɓa ƙwayar, sai a nufi likitan ido ranar nan.

In ka leƙa ka ga jini ya kwanta ƙasan baƙin ido kamar ruwa a kwalba, to wannan fa ba wasa, yakan sake zuba cikin kwana 2 zuwa 5, shi ya sa ake kwanciya da kai a sama kan matashi biyu, ba guje-guje, kuma ban da aspirin da ibuprofen don suna ƙara zubar jini, parasitamol ya isa. Mai sikila ya faɗa wa likita tun a bakin ƙofa.

Da yawa gani yakan dawo. Amma bayan watanni yanar ido kan fito, ko hawan jinin ido ya ci gani shiru ba ciwo, sai a riƙa komawa awo. Ka fara ganin walƙiya ko wani baƙin labule daga gefe, koma asibiti a ranar.