Kurakuran masu ƙetare iyaka da kilishi da sauran kayan nama

Kuskuren da ya fi yawa shi ne matafiyi ya ce, "Ai ni ba alade na ɗauko ba, kilishin naman sa ne, halal." Jami'in kwastam a Landan ko Faris ba halal da haram yake dubawa ba, cuta yake tsoro. Tarayyar Turai da Birtaniya sun hana matafiyi daga ƙasashenmu shigo da nama da madara a kayansa, na kowace dabba. Kilishi, dambun nama, man shanu, cukwi, duk hukuncinsu ɗaya. A bar su gida.

Na biyu, zaton cewa shanya da gishiri da gashi sun kashe komai. Ƙwayar zazzaɓin aladu na Afirka tana yin watanni da ranta a busasshen nama, shi ya sa aka fi tsananta wa kayan alade. Turawan Ingila kuma ba su manta da 2001 ba, lokacin da cutar baki da kofato ta sa aka karkashe dabbobi sama da miliyan 6, bayan ta ɓulla a wata gonar aladu da ake ciyar da su ragowar abinci. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san zafin wannan asara. Ko ka fito daga Faransa ne, a Afrilun 2025 Birtaniya ta hana shiga da naman sa, rago, akuya, alade da kayan madara daga Tarayyar Turai.

Sai ɓoyewa, wanda ya fi duka tsada. A Amurka, in ka bayyana abin da ka ɗauko, yawanci karɓewa kawai za a yi ka wuce. In ka ce babu, kare ya shinshino shi a akwati, tarar tana iya kaiwa dala 10,000. Ka bayyana har dunƙulen miya, domin wani akwai romon nama a cikinsa. Saƙon da aka ba ka a ƙulle kuwa, buɗe shi a gaban mai shi kafin ka karɓa.

'Yan kasuwa su ma su lura: naman alade da na sa suna cikin kayan da kwastam ta Najeriya ta haramta shigowa da su. Fatu da ƙiraga kuwa, a nemi izinin NAQS, hukumar Najeriya mai binciken lafiyar dabbobi da kayan gona a iyaka, da takardar likitan dabbobi tun kafin a yi lodi.