Kurakuran da malaman jami'a suka fi yi wajen haɗa koyo a aikace da ƙirƙirarriyar basira

Tun da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya da yin rubutu, ya fito a watan Nuwamba 2022, malami ya daina sanin wa ya rubuta aikin gidan da aka miƙa masa. Da yawa sai suka bazama neman manhajar kama ɗalibin da na'ura ta rubuta wa aiki. Nan aka fara kuskure. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye tasa manhajar gano rubutun na'ura a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. Mai abu ya ajiye abinsa, kai da wace hujja za ka kayar da ɗan mutane? Tambayar za ka canja. In ka ce a bayyana yadda farashi ke hawa da sauka, na'ura ta gama kafin shayinka ya huce. Tura ɗalibi kasuwar Dawanau ya tambayi dillalai kuɗin buhun gero da kaka da kuma da bazara, ya dawo ya kare abin da ya samo baki da baki.

Wanda ya fi damuna shi ne mayar da fita fili yawon buɗe ido. A cika mota, a je karofin Ƙofar Mata, a ɗauki hotuna, a dawo, wai an koya a aikace. David Kolb, masanin harkar koyo, a 1984, matakai huɗu ya zayyana: a yi abin, a zauna a yi tunani a kansa, a fitar da ƙa'ida, a sake gwadawa. Mu a na farko muke tsayawa. Ɗalibin kimiyyar sinadarai da ya ga zane ya fito daga ruwan baba da toka kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, kamata ya yi ya fara rubuta nasa hasashen. Sannan ya tambayi na'ura, ya kwatanta amsarta da bayanin marini, ya nuna inda suka saɓa. A wannan saɓanin ya kamata maki ya fi yawa. Haka ma SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu: littafin rahoton da aka cike a dare ɗaya ba shaidar komai ba ne, a riƙa duba shi duk mako.

Sai gaskata na'ura ido rufe. Tana ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara, tsaf kamar gaske, Hausarta kuma takan yi tuntuɓe. Ka sa ta kawo madogara biyar a gaban aji, ka tura ɗalibai laburare su nemo.

Kada kuma a manta ba kowa ke da kwamfuta ko kuɗin data ba, ga matsalar wuta. Raba su rukuni-rukuni, waya ɗaya ta wadatar. Ɗaliban da ke zuwa asibiti koyon aiki kuwa, a ja musu kunne tun ranar farko: sunan majinyaci da bayanan ciwonsa ba sa shiga cikin manhaja.