Darasi na bakwai: Gajiya daban, motsa jiki daban

Karatu

Tela yana wuni a kan kekensa cikin babbar kasuwar Maraɗi, da yamma ya tashi baya na ciwo. Ɗan kabu-kabu yana zagaya gari tun asuba, daga unguwar Zariya zuwa unguwar Ali Ɗan Sofo, ya koma gida liƙis. Sun gaji, babu musu. Amma a zaune suka wuni, zuciyarsu ba ta yi aikin da zai ƙara mata ƙarfi ba.

Wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya nuna wannan a shekarar 1953. Ya binciki lafiyar ma'aikatan motocin safa na birnin Landan, mutum wajen 31,000. Motocin masu bene ne. Direba yana zaune daga safe har tashi, shi kuwa mai karɓar kuɗi yana ta hawa da sauka, matakala ɗaruruwa kowace rana. Mota guda, hanya guda, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi yi musu kisan farat ɗaya. Binciken nan na cikin na farko da suka sa likitoci suka ɗauki motsa jiki da muhimmanci.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici. In motsin mai tsanani ne, irin gudu ko buga tamaula, minti 75 zuwa 150 sun isa. Mu raba 150 gida 5: minti 30 ke nan a rana, kwana biyar. Ba dole a yi su a zama guda ba. Goma da safe, ashirin bayan la'asar, duk lissafi ne.

Wata a cikinku za ta ce: “Malam, ni da nake daka, in ja ruwa, in yi shara, har sai na fita gudu?” A'a, Inna. Daka da jan guga da noma duk suna cikin lissafi, in dai sun sa numfashi ya ɗaga. Manomi a damina ya wuce ƙa'idar nesa ba kusa ba. Matsalar tana zuwa bayan an kai amfanin gona rumbu, a koma zaman fada da shan shayi wata da watanni. Haka ma matar da injin niƙa da famfo suka hutar da ita. Hutun alheri ne, sai dai a nemo abin da zai maye gurbin motsin da ya tafi.

Yadda za ka auna da kanka

Awo na farko ba ya son kayan aiki. Kana cikin tafiya da sauri, gwada magana. In kana iya hira amma waƙa ta gagare ka, motsinka matsakaici ne, shi ake nema. In kalma biyu uku kawai ke fita sai ka ja numfashi, ya yi tsanani. In kuwa waƙa na fita sumul, yawo kake yi, ƙara sauri.

Na biyu shi ne ƙirga bugun zuciya. Zauna ka huta minti biyar. Juya tafin hannun hagu sama. Ɗora yatsu biyu na dama, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu, ƙasan gindin babban yatsa. Danna a hankali har ka ji abu na harbawa. Kada ka sa babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun, zai rikita ka. Dubi agogon salula ka ƙirga na daƙiƙa 30, sannan ka ninka biyu. In ka samu 36, to 36 sau 2, 72 ke nan a minti. Na baligi a hutu yakan kasance tsakanin 60 da 100. Masu gudun dogon zango nasu kan sauka har 50 ko 40, don zuciyar da ta horu tana tura jini mai yawa a bugu guda, ba ta buƙatar gaggawa.

Tsoka ma tana da nata rabo, kwana biyu a mako, ko da tsuguno da miƙewa ne sau da yawa. Ba sai ka zama Yakuba Kantu ba, zakaran gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa a 1975, wanda filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. In jiki ya yi tsami washegari ko jibi, sabon aiki ne ya taɓa tsoka, zai wuce cikin ƴan kwanaki.

Zafi da ruwa

A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40. Mai aikin ƙarfi a irin wannan rana yana iya zubar da zufa lita ɗaya zuwa biyu cikin awa guda. Bincike kan ƴan wasa ya nuna in mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, juriyarsa tana raguwa. Ga mai kilo 60, kilo 1 da giram 200 ke nan, ya ɗara ledar ruwa biyu ta rabin lita. Saboda haka a fita da sassafe ko in rana ta yi sanyi, a sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Fitsari ja alamar ƙarancin ruwa ce. Mai azumi ya bari sai bayan buɗa baki.

In ƙirji ya ɗaure, ko jiri ya kama ka, tsaya nan take ka nemi likita. Wanda zafi ya buge har ya fara sambatu, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi ta fifita, a garzaya da shi asibiti. Mai hawan jini, mai ciwon suga da mai juna biyu su fara jin shawarar ma'aikacin lafiya.

Aiki

Mutum ya ƙirga bugu 41 cikin daƙiƙa 30. Nawa ne a minti guda? Mace tana tafiya da sauri minti 20 kullum, kwana 6. Ta cika 150? In ba ta cika ba, saura nawa?

A gida, ja layi bakwai a littafinka, kowace rana da nata. Rubuta bugun zuciyarka da safe kafin shayi, da mintocin da ka motsa har numfashi ya ɗaga. Ku zo da shi aji mako mai zuwa, mu tara tare a allo.