Yadda Cocinmu Ke Kusantar Maƙwabta a Gadarif

Mu Kirista kaɗan ne a Gadarif da ke gabashin Sudan, maƙwabtanmu Hausawa kuwa kusan dukansu Musulmi ne. Saboda haka, 'yan'uwa a coci, ku ajiye lasifika, ku fara da gaisuwa. Ku je wajen mai unguwa da liman, su san fuskokinku.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, 'yan gudun hijira suka yi ta kwararowa garin nan. Ku ɗora tukunyar ful (dafaffen wake) da asida (irin tuwo) a ƙofar coci, duk wanda ya zo a zuba masa, ba tambayar addini. Ni dai ban yarda a sa wa'azi ya zama sharaɗin abinci ba, wulaƙanta mai yunwa ne.

Kada suna ko ta'aziyya su wuce ku. Wanda ya tambayi dalilin hidimarku, ku zauna ku ba shi labarin Yesu a natse, da Hausa.