Mayar da na'urar gem ta koma kamar laftof: kurakuran da aka fi yi da maganinsu

Matasan Gombe masu hannun gyara, musamman waɗanda suka koyi dalma a shagunan gyaran waya, sun fara sha'awar wani aiki mai ban ƙaye: a ciro kayan cikin PlayStation ko Xbox, a haɗa su da allo, a zuba su cikin akwati mai murfi, mutum ya ɗauka kamar laftof ya tafi inda yake so. Aikin ba yau aka fara shi ba. Wani Ba'amurke mai suna Benjamin Heckendorn, wanda aka fi sani da Ben Heck, ya mayar da Atari 2600 ta tafi-da-gidanka tun a shekarar 2000, a 2006 kuma ya fito da Xbox 360 mai siffar laftof. Ina ƙaunar wannan aiki, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ga na'ura mai lafiya ta mutu a hannun yaro mai basira saboda abin da za a iya kauce masa.

Babban kuskure, wanda sauran suke fitowa daga cikinsa, shi ne a fara da akwati. Mutum ya je wajen kafinta a Jekadafari ko Pantami, a yanka masa falanki, a shafa fenti, sannan ya dawo yana neman yadda zai cusa bod, wato babban faranti mai ɗauke da sassan lantarkin na'urar, a ciki. Akwatin da kamfani ya yi wa na'urar yana da aiki bayan ado. Shi ne yake tilasta wa iska ta shiga ta wani gefe, ta bi ta kan ƙarfen da ke zuƙe zafi, ta fita ta ɗaya gefen. Da zarar ka cire shi, fanka za ta ci gaba da juyawa, amma iskar ba ta bin hanyar da aka tsara mata. Abin da ya kamata shi ne ka shimfiɗa komai a kan teburi, ka haɗa, ka kunna, ka buga gem na awa biyu ko uku, ka ga inda zafi yake taruwa. Bayan nan ne za ka auna akwati a kan kayan.

Maganar zafi tana bukatar a tsaya a kanta, domin mu a nan ba irin yanayin waɗanda muke kallon bidiyonsu muke ciki ba. A watan Maris da Afrilu zafin Gombe yana kaiwa kusan digiri 40, iskar da fanka za ta ja ma da zafinta take shiga. Xbox 360 ta farko, wadda ta fito a 2005, ko a cikin akwatinta na asali ta sha fama da matsalar jan zoben fitila da ke kunnawa a gabanta yana nuna ta mutu, har a 2007 Microsoft ya tsawaita garanti zuwa shekara uku. To ina ga an matse ta cikin falanki mai kaurin yatsu uku? Don haka ka bar ƙofar shigar iska a wani gefe, ta fita a gefen da ke nesa da ita, kada su kasance kusa har na'urar ta riƙa shaƙar zafin da ta fitar. Kada ka sa ramukan a ƙasan akwati, domin ka san a kan tabarma ko katifa za a ajiye shi. Idan ka ɗaga ƙarfen zuƙe zafi daga kan bod, tilas ka goge tsohon man nan mai ruwan toka da ke tsakaninsu, ka shafa sabo, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake. Wasu sukan mayar da shi da busasshen man, wasu har man goge baki suke sawa don sun ji ana faɗa. Duka biyu kisa ne ga na'ura. Ƙananan faci masu laushi da ke kan sauran sassan bod ɗin kuma, ka mayar da kowanne mazauninsa.

Hunturu yana zuwa da nasa. Ƙura tana toshe haƙoran ƙarfen zuƙe zafi cikin ɗan lokaci, saboda haka ka sa raga mai laushi a ƙofar shigar iska, ka kuma ɗaure akwatin da noti, yadda za ka iya buɗewa ka share. Wanda ya liƙe komai da gam ya rufe wa kansa hanya. Sannan busasshiyar iskar hunturu tana tara wuta a jikin mutum, irin wadda kake ji ta ɗan ja ka idan ka taɓa ƙofar mota. Wannan 'yar wutar tana iya kashe sashe a bod ba tare da ka ga tartsatsi ba. Ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka sa hannu, ka riƙe bod ta gefensa, kada ka yi aikin a kan bargo ko kafet.

Zaɓen na'ura ma wuri ne da ake tuntuɓe. Kowa PS4 yake so ya fara da ita, don ita ce ake yayi a gidajen gem. Ni shawarata a fara da PS2 siririya, wadda Sony ya fitar a 2004. Tana da araha, bod ɗinta ƙarami ne, ba ta cin wuta sosai, kuma samfurinta mai lamba a jerin 70000 da adafta ta waje yake aiki, don haka ba za ka kusanci wutar soket a cikin akwati ba. Wii ta Nintendo, ta 2006, ita ma haka take, ba ta yin zafi sosai. Da ka ƙware sai ka hau sama, kuma ko a can ka nemi sirara: PS3 ta 2009, Xbox 360 S ta 2010, PS4 ta 2016.

Sai allo. Ana ciro allon matacciyar laftof, a zaci za a jona masa HDMI kai tsaye. Ba ya yiwuwa. Yana bukatar ɗan bod na musamman da zai fassara masa hoto, kuma ba kowane bod ne yake dacewa da kowane allo ba. Akwai takarda a manne a bayan allon mai ɗauke da lambarsa. Ita za ka ɗauki hotonta ka tura wa mai sayarwa, ko a Kano yake ko a Legas ko a intanet. Lambar laftof ɗin ba ta wadatar, domin laftof iri ɗaya tana iya zuwa da allo daban-daban. PS2 kuwa ba ta da HDMI kwata-kwata. Idan ka sayi ɗan adaftan da ke mayar da hotonta HDMI ka ga allo baƙi, kada ka yi saurin cewa jabu ne: shiga saitinta a talabijin ta tsohuwar waya, ka sauya fitar hoto daga RGB zuwa Y Cb/Pb Cr/Pr. Ka kuma tuna allon laftof ba ya magana, sai ka tanadi ƙananan sifika da abin ƙara musu sauti.

A fannin wuta ne asara take zuwa farat ɗaya. Bakin caja ya shiga rami ba ya nufin ta dace. PS2 siririya bolt 8.5 take so, Wii bolt 12, cajar laftof kuwa yawanci 19 take bayarwa. Idan kana son waya ɗaya ta ciyar da allo da na'ura, ka sa ɗan bod mai rage ƙarfin wuta, ka auna da mita kafin ka jona, ka tabbatar da wayar da take fos da wadda take negetib. Kayan gwanjo daga Amurka ko Japan kuma, ka karanta jikin adaftarsu, domin da yawa na bolt 100 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Wannan ya fi yawa a babbar adaftar wutar Xbox 360. Idan na'urarka mai gidan wuta a ciki ce, kamar PS3 da PS4, don Allah ka bar shi a rufe cikin kwansonsa. Manyan kafasito ɗin da ke ciki suna iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare waya.

Batir fa? Na san dalilin da ya sa kowa yake son sa, ana ɗauke wuta ana tsaka da wasa. Amma a yi lissafi. Batir ɗin 18650 (irin zagayayyen nan mai caji da ake samu a cikin batir ɗin tsohuwar laftof) mai kyau yana riƙe abin da zai ba da kusan wat 10 na awa guda. PS4 da allonta za su ci kusan wat 100, wato batir goma domin awa ɗaya kacal. Shi ya sa yawancin laftof ɗin gem da masana suka ƙera da soket suke aiki, kuma ga mai sola ko inbata a gida hakan ya fi. Ga PS2 ko Wii batir yana da ma'ana, amma da sharaɗi: sababbi iri ɗaya, da bod ɗin kariya da ake kira BMS, da fis, nesa da inda zafi yake fita. Duk 18650 da aka rubuta wa 9900mAh ƙarya ce, na gaskiya ba sa wuce wajen 3500. Kada kuma ka ɗora ayon ɗin dalma a kan batir ka daɗe, zafi yana lalata shi, yana iya sa ya kama da wuta daga baya, a ɗakin da ƙannenka suke kwana.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da suke sa mutum ya zaci ya kashe na'ura alhali lafiyarta ƙalau. PS2 siririya tana da 'yan maɓallai da ke gaya mata murfi a rufe yake, idan ba a danne su ba faifai ba zai juya ba. Gidan faifan Xbox 360 an aurar da shi ga bod ɗinsa da wata lamba ta sirri, idan ka musanya da na wata ba zai karanta gem ba, don haka kada ka yar da na asali. Akwatin alminiyam yana da kyau wajen zafi, amma yana tare siginar hannun wasa marar waya, sai ka fito da eriya kusa da wani wuri na roba. Wayoyin nan masu faɗi kamar ƙyalle kuma suna da ɗan makulli a mazauninsu, ɗaga shi ake yi kafin a ja. Wayar da ke hawa zuwa allo ta bi ta wajen hinjin murfi, ka bar mata sarari ta lanƙwasa a sake, ka buɗe ka rufe sau da yawa allon yana kunne kafin ka ɗaure notin ƙarshe.