Juyen baƙin mai da ruwan lagireto: kurakuran da na gaji da gani

Makon jiya ɗan ƙanena ya zo nuna mini Corolla ɗin da ya saya, 'yar Kwatano, fes da ita. Na sa albarka, sannan na ce ya buɗe mini bonet. Ina leƙa robar ruwan lagireto sai na ga ruwa fari tas. Na ce wannan fa? Ya ce, "Baba, fiya wata ne, bakanike ya ce ai ruwa ruwa ne." Shi ne mutum na uku da ya faɗa mini haka cikin wata guda, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ko na huta da maimaici.

Zan dawo kan ruwan. Bari in fara da baƙin mai, tunda shi aka fi tambaya: bayan kilomita nawa ake juye? Amsar tana cikin littafin motar, wanda yawancinmu ba mu taɓa buɗewa ba. In ka duba za ka tarar da lissafi iri biyu, na tuƙin sauƙi da na tuƙin wahala. Tuƙin wahala a wurinsu shi ne ƙura, zafi mai tsanani, gajerun tafiye-tafiye da daɗewa cikin cunkoso inji na aiki mota ba ta motsi. To wanne ne babu a Kano ko Sakkwato? Mu kullum a layin wahala muke, amma sai mu ɗauki lissafin mai tuƙi a titunan Jamus. Ni dai ƙa'idata, man gama-gari kilomita 5,000, man sintetik (wanda ake haɗawa da sinadarai, ya fi jurewa) kilomita 8,000, kuma ko ban cika ba in wata shida ya yi sai na juye. Wasu za su ce ɓarnar kuɗi ce tunda akwai kamfanonin da suka rubuta 10,000 ko 15,000. Na ji, amma ni na san ƙurar da motata ke shaƙa da hunturu.

Ga wani kuskure da ba a lura da shi. Yawancin motocin da ake shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, ba da kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Bakanike zai dubi mita, ya ƙara 5,000, ya rubuta maka a 'yar takarda ya manna. Kai kana zaton kilomita 5,000 za ka yi, alhali 8,000 ka yi da man da bai kai nan ba. Ka duba mitarka yau ka ga da me take ƙirga. In mil ne kuma man gama-gari ka zuba, 3,000 za ka ƙara.

Sai masu cewa motar Hajiya ba ta zuwa ko'ina, daga kai yara makaranta sai cefane, don haka shekara guda ba a taɓa manta ba. Irin wannan motar ta fi buƙatar juye a kan lokaci, domin injin ba ya daɗewa da zafin da zai kori danshi da ɗigon fetur da ke taruwa a cikin man. Masu murza mai a yatsa su ce "da sauransa" kuwa, duba ne kawai irin na 'yan bori. Baƙin da mai ya yi alama ce yana kwashe datti, man motar dizal ma kwana kaɗan yake baƙi ƙirin, kuma mai zai iya gajiya launinsa bai nuna ba.

Inda raina ke ɓaci shi ne kaurin mai. Kowace mota aka kai gareji, sai a ɗauko mai kauri mai lamba 20W-50 a ɗura, wai ƙasarmu da zafi, mai ruwa-ruwa ba zai riƙe inji ba. Wannan karatun zamanin Peugeot 504 ne da ake haɗawa a Kaduna, kuma a kanta daidai ne. Injinan yanzu hanyoyin mansu ƙanana ne, kuma irin na Toyota masu tsarin da ake kira VVT-i da ƙarfin man suke sarrafa buɗewar bawul. Ka ba su mai kauri, da safe sai ya yi nawa kafin ya kai sama, ƙarfe na gugar ƙarfe. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 da aka yi wa kasuwar Amurka 5W-20 take so, Corolla ta 2003 zuwa 2008 kuma 5W-30, sau da yawa ma an rubuta a jikin murfin man. Wanda ya ƙera injin ya rubuta maka da hannunsa, kai kuma ka bi maganar wanda ko littafin bai taɓa gani ba! In inji ya tsufa har yana shan mai, na yarda a ƙara kauri mataki ɗaya, ba a yi tsalle zuwa ƙarshe ba. Kuma ni ba na aiken yaron gareji sayen mai. Da kaina nake saya, in duba hatimin murfin, in tsaya a juye a gabana, in huda galan ɗin kafin in tafi, don kada gobe a cika shi da man durom a sayar wa wani bawan Allah.

Yanzu ga ruwan, wanda shi ne ya taɓa kwantar da ni. Shekarun baya ina da Camry, lafiyayya, ban taɓa wasa da juyenta ba. Amma lagireto duk ruwan da na samu nake zubawa: na rijiya, na burtsatse, na leda. Kusan shekara biyu ba abin da ya faru, har ina yi wa masu sayen ruwan gora mai launi dariya. Ran nan cikin bazara na ɗauki iyali za mu biki Maiduguri. Mun wuce Azare ba mu kai Potiskum ba, rana ta take, sai na ga allurar zafi tana hawa. Maimakon in tsaya, sai na ce bari in lallaɓa zuwa gari. Ban yi nisa ba tururi ya turnuƙe daga bonet, mota ta mutu. Muka yini a gindin bishiya da yara, uwargida ba ta ce mini uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Da aka kwance injin, famfon ruwa tsatsa ta cinye fukafukansa, hanyoyin lagireto sun toshe da farin dutse irin na gindin tsohuwar butar shayi, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin inji da murfinsa na sama, ya ƙone, shi murfin, tof silinda, ya lanƙwashe. Kuɗin ragon layyata na shekarar da na wasu abubuwan duk a can suka tafi.

Abin da ban sani ba a lokacin: ruwan lagireto na gaskiya ba don sanyin ƙasar Turawa kaɗai aka yi shi ba. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Wanda aka gauraya rabi da rabi da sinadarin gilaikol yana wuce haka, in kuma murfin lagireto na riƙe iska yadda ya kamata sai ya haura 120 bai tafasa ba. Mafi muhimmanci, akwai maganin tsatsa a cikinsa, kuma wannan maganin ƙarewa yake yi, shi ya sa ake canza shi. Tsohon samfuri, wanda aka fi sani da kore, shekara biyu ne ko kamar kilomita 40,000. Mai ruwan hoda na Toyota kamfanin ya ba shi kilomita 160,000 a zubin farko, bayan nan kowace 80,000. Ni a tsohuwar mota ba na wuce shekara uku ko wane iri ne. In ka sayi 'yar Kwatano, ka ɗauka ba ka san abin da ke ciki ba, a zubar, a wanke, a sa sabo. Kada launi ya ruɗe ka, rini ne kawai, ka karanta jikin gorar, kuma kada ka haɗa iri biyu. In hanya ta kama ka babu komai sai ruwan leda, zuba ka isa gida, amma a satin ka canza.

Sai ku masu cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗauki zafi, ku haɗa fanka kai tsaye, wai maganin zafi. Haba jama'a! Inji an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Ka hana shi kaiwa nan, ya riƙa shan fetur kamar rijiya, man ya yi saurin lalacewa, ainihin ciwon kuma yana nan ka lulluɓe shi. In mota na zafi, a nemi dalili: lagireto ne ya toshe, murfi ne ya saki, ko famfo ne ya gaji.

Sauran ƙanana ne. Kada a juye mai a bar tsohuwar filta. Kada a cika mai ya wuce layin sama na sandar awo, kumfa yake yi. A auna shi mota na tsaye a wuri mai daidai, bayan an kashe ta da 'yan mintuna. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji da zafi, na ga fuskar da ya saɓule. Tsohon ruwan lagireto guba ne mai zaƙi-zaƙi, kada a bar shi a kwano inda yara ko awaki za su kai baki. In kuwa ka zaro sandar awo ka ga mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga inji, kada ka sake tayar da ita, a jawo ta zuwa gareji.

Ɗan ƙanen nawa dai ban bar shi ya tafi ba sai da muka je aka zubar da fiya watan nan. Da muka duba mitarsa kuma, da mil take ƙirga.