Yadda za ka gane inda ruwan gidanka ke tahiya kahin ka ƙara kiran mai kura

Daga watan Maris zuwa Mayu ruwa shi ne babban cefane a Sakkwato, zahi ya haura digiri 40, Rima ta ja baya sai abin da dam ɗin Goronyo ya sako mata, in famfon unguwarku ya ɗauke kuwa sai dai kura ko bohol, daga Mabera har Arkilla labarin guda ne. Abin da na lura da shi, yawancin magidanta sun san nawa sunka biya mai ruwa amma ba su san lita nawa gidansu ke sha a rana ba, shi ya sa faɗan kullum kan yara yake ƙarewa, wai su ke ɓarna, alhali ruwan can bayi yake zurarewa ba wanda ya duba.

To fara da awo. In gidanka akwai mita, buɗe murhin ka share ƙurar gilashin, za ka ga lambobi baƙaƙe da jajaye. Baƙaƙen kowane ɗaya lita 1,000 ne, wato jarka 40 irin mai lita 25 ɗin nan, jajayen kuma su ne ƙananan litoci. Ɗauki hotonta da waya yau bayan sallar asuba, gobe war haka ka sake ɗauka, ka cire na jiya daga na yau. Misali jiya 12 da jajaye 350, yau 12 da 950, gidanka ya sha lita 600 ke nan. Yi haka mako guda don ranar wanki da ranar Juma'a ba ɗaya suke da sauran ranaku ba.

Amma gaskiya yawancinmu ba mu da mita, tanki gare mu. Shi ma mita ne in ka so. Tanki mai lita 1,000 ko 2,000 an rubuta girmansa a jiki, samo sanda mai tsabta ka auna zurhinsa in ya cika, ka raba ta gida goma da maka, kowane layi na mai 1,000 lita 100 ke nan. Masu kura ma lissahinsu ya hi sauƙi, ƙirga jarkoki ka ninka da 25. Sannan raba da yawan mutanen gida. Hukumar lafiya ta duniya na cewa lita 50 zuwa 100 kan ishi mutum ɗaya a rana, sha da girki da wanka da wanki duka. Da zahinmu na nan in ka kai 100 ban ga laihinka ba, amma in lissahi ya nuna 200 kowane kai, malam akwai inda ke yoyo.

Gwajin yoyo da dare ake yinsa. A rufe duk famfunan gida, a gaya wa kowa ya ɗebi na butarsa tun da wuri, ka duba mita ko layin sanda, da asuba kahin kowa ya taɓa ruwa ka sake dubawa. A mita akwai wata ƴar ƙaramar tauraruwa da ke juyawa in ruwa na wucewa, in tana motsi alhali komai a rufe to magana ta ƙare. Famfo mai ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da wajen lita 20 a yini, kusan jarka guda, kuma sau da yawa ƴar robar ciki ce ta cinye. Wanda ya hi cin mutane shi ne tankin masai na zamani, don shi yoyonsa ba ya jiƙa ƙasa, cikin kwano yake bi shiru. Zuba ɗan zoɓo mai kauri ko bula cikin tankin, kada a ja, a dawo bayan minti 15, in ka ga launi ya sauko cikin kwano kira mai gyaran famfo ya canza robar. Sai tankin sama da ke ambaliya duk sanda anka kawo wuta aka kunna sumo, injin da ke turo ruwan bohol, aka manta, ruwa na kwarara bisa katanga har ta yi kore, wannan a sa mashi ƙwallon nan mai rufe ruwa in ya cika a huta.

Yanzu batun wanka, nan ne mahi yawan ruwa ke tahiya. Ni ba zan ce ma kowa ya rage yawan wanka a watan Afrilu ba, wanda ya faɗi haka bai kwana ɗakin kwano a Sakkwato ba. Yi wankanka biyu ko uku, abin da za a rage shi ne litar kowane wanka. Samo bokitin fenti mai lita 20 ka tara ƙarƙashin shaya ka buɗe yadda ka saba, ka duba agogo. In ya cika cikin minti 2, shayarka na zubar da lita 10 a minti, ke nan wanda ya tsaya minti 10 yana waƙa ya kashe lita 100, jarka 4 mutum guda wanka guda. Wanka da bokiti da moɗa kuwa lita 15 ta isa babba ya fita tas. In dai sai shayar, jiƙa jiki ka rufe, ka yi sabulu da soso a natse, sannan ka buɗe ka ɗauraye, duka ruwan bai kamata ya zuba fiye da minti 3 ba. Kan shayar da gishirin ruwan bohol ya toshe har yana fesa gefe, kwance shi ka jiƙa cikin ruwan tsami ko ruwan lemun tsami ya kwana, don toshewar ke sa mutum ya daɗe bai ɗauraye ba.

Akwai wata ɓarna da ta zama tamu ta ƴan ƙasar zahi. Baƙin tanki bisa ƙarfe ya sha rana tun hantsi, ƙarfe 2 ka buɗe famfo ruwan awa na shayi, sai mutum ya bar shi yana zuba wai jira yake ya huce. Ba zai huce ba, na cikin fayif kaɗai ke sauyawa, tankin gaba ɗaya ya ɗau zahi. Dabara ita ce uwargida ta sa a tara ruwan wankan rana tun da asuba cikin baho ko randa a inuwa a rufe, tankin kuma a yi mashi rumfa ko da ta zana ce, a bar iska na ratsawa. Da hunturu abin juyawa yake, masu hita su kan zubar da na sanyin farko kahin mai ɗumi ya iso, tara shi a bokiti, ruwa ne mai kyau.

Alwala ma a koma buta. Famfo a buɗe tun daga wanke hannu har ƙafa yana iya cin lita 5 ko fiye, sau biyar a yini, gida mai mutum takwas ka lissafa da kanka. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) kan yi alwala da mudu guda, ya yi wanka da sa'i zuwa mudu biyar, mudun nan kuwa bai kai lita ɗaya ba. Buroshi da aski su ma kofi ya isa.

Ruwan da anka yi amfani da shi kada a yi saurin turawa kwata. Na ɗaurayar wanki ya yi a kora masai da shi, tunda tsohon tankin masai kan ci lita 9 ko fiye duk ja guda, ya yi a yayyafa tsakar gida da yamma, ya yi wankin babur. Na alwala da na wanke shinkafa a ba dogonyaro ko zogale, amma mai omo da bilic kada ya je kan abin da za a ci. Masu AC su tara bokiti ƙarƙashin fayif ɗin da ke ɗiga, yana isa guga da goge ɗaki. Duk abin da kunka tara dai a rufe shi kuma a ƙarar cikin yini ɗaya ko biyu, kada a gudu daga kuɗin ruwa a faɗa kuɗin maganin sauro.

Gidajen haya masu bohol guda su ne mita ta hi yi ma amfani. Kullum rigima, mai mata biyu da ƴaƴa goma da gwauro mai fita tun sahe kuɗin man injin jawo ruwa iri ɗaya suke biya, gwauron na ƙunƙuni. Masu sai da kayan famfo na da ƙananan mitoci na rabin inci da na inci uku bisa huɗu, a sa ma kowane sashe tasa daidai inda fayif ya rabu daga tanki, a lura da kibiyar da ke jikinta ta kalli inda ruwa ke tahiya, a sa ƴar abar tace ruwa gabanta don yashin bohol na kashe mita da wuri. Ƙarshen wata a haɗa kuɗin mai da wuta da gyaran sumo, a raba bisa litar da kowa ya sha, a tura hoton mitocin a gurup ɗin WhatsApp na gidan kowa ya gani da idonsa.